Gidan haya ba kuɗin kwance ba ne: tambayoyin da masu gidaje suka fi yi a kan doka, notis da kotu

Tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ni 'yan uwa suka ɗora wa kula da gidajen hayar da ya bari a Kano, kuma a sanadin haka na zauna a zauren mai unguwa, na zauna a ofishin lauya, na zauna a bencin kotu ina jiran a kira shari'armu. Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk inda masu gidaje suka haɗu, a majalisa ne ko wajen ɗaurin aure. Kowace jiha tana da tata dokar haya, don haka duk inda na ce Legas ko Abuja to tasu nake nufi.

1. Malam, gidana ne fa, da gumina na gina. Wace doka ce kuma zata hau kaina?

Gidanka ne, babu mai ja. Amma daga ranar da ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa mukulli, ka sayar masa da zaman wurin na tsawon wa'adin da kuka yi, bulo da kwano naka ne, zama nasa ne. Haka doka ta ɗauka, haka ma malamanmu suke karantarwa a babin ijara, wato haya, cewa amfanin wurin ya zama mallakin wanda ya biya. Shi ya sa ba zaka faɗa ɗakinsa babu sallama ba, ba zaka fitar da shi don ranka ya ɓaci ba, sannan ga wani nauyi da yake nan a wuyanka ko kana Abuja gidan yana Kurna: lafiyar ginin da rayukan da ke kwana a ciki.

Yawancin masu gidan da na ga sun sha wahala a kotu su ne masu gaskiya tun farko. Ba'a binsu komai, su suke bin bashi, amma zuciya ta ɗebe su suka yi abin da ya juyar da maganar, aka bar zancen kuɗin haya aka koma zancen abin da suka aikata.

2. Mun san juna da shi, a masallaci ɗaya muke sallah. Sai mun rubuta yarjejeniya?

Ku rubuta. Hayar baki ma haya ce a wajen doka, matsalar ita ce ranar da aka saɓa kowa zai tuna abin da ya yi masa daɗi ne kawai. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to ina abin kunya a ce Malam zo mu sa hannu?

Ba sai takarda mai shafi goma ba. A sa sunan mai gida da na ɗan haya, wane ɗaki ko wane sashe, nawa ne kuɗin, ranar farawa da ranar ƙarewa, hayar wata ce ko ta shekara, don zama ne ko don sana'a, wa zai biya wuta da ruwa da kwasar shara da yashe sokawe, wane gyara ne na wa, ko an yarda ya saka wani a madadinsa, da tsawon notis. Wannan na ƙarshen shi ne mafi tsada a duk takardar, zaka ga dalili a tambaya ta 3. Shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, kuma duk kuɗin da ya shigo a ba da rasit ko da ta banki aka turo. In hayar ta wuce shekara 3, kamar masu ba banki ko makaranta ko kamfanin sadarwa wuri, wannan kam aikin lauya ne, tana da nata tsarin rubutu da rajista.

3. Notis na wata nawa ya kamata in bayar?

In kun rubuta a yarjejeniya, abin da kuka rubuta shi kotu zata bi. In baku rubuta ba sai a koma wa doka, kuma a dokar karɓar gida ta Abuja lissafin shi ne: mai hayar sati, sati ɗaya, mai hayar wata, wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku, wata uku, mai hayar shekara, wata shida cur. Dokar Legas ta 2011 ma kusan haka take, jihohin Arewa da dama kuma a kan wannan layin suke. Kaga wanda ya rubuta wata biyu ko uku tun farko ya rage wa kansa jiran wata uku ko huɗu.

Bayan wannan notis ɗin ya cika bai tashi ba, akwai na biyu, na kwana 7, wanda kake sanar da shi cewa zaka je kotu neman gidanka. Sai ya cika sannan a shigar da ƙara. In kuma hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce, an rubuta daga rana kaza zuwa rana kaza kuma ta ƙare ba'a sabunta ba, na kwana 7 ɗin kawai ake buƙata. Wuraren da mutane suke zamewa ƙanana ne: kuskuren kwanan wata, ƙirga kwanakin ba cikakku ba, lauya ko dillali ya sa hannu alhali mai gida bai ba shi izini a rubuce ba, ko a tura yaro ya kai takarda babu wata shaidar an karɓa. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar Pillars da Desbordes, ta yi magana mai sassauci ga masu gida a kan 'yan kurakuran notis, amma ni dai shawarata kar ka jingina da wannan, ka yi naka daidai tun farko. Kuma in ya kawo kuɗi bayan ka ba shi notis, ka rubuta a rasit ɗin cewa na bashin baya ne, kar gobe ya ce ai kun sabunta.

4. Wata takwas bai biya ba, yana ta yi min gobe-gobe. In cire ƙofar ko in kwaye kwanon mana?

Dan Allah Alhaji kar ka yi. Na san zafin, wallahi na sani, ka ga mutum ya sayi sabon babur kai kuma kuɗin makarantar yara yana jiranka. Amma cire ƙofa, kwaye rufi, yanke wuta, toshe ruwa, canja kwaɗo, watso kaya waje, turo matasa su tsorata shi, duk ɗaukar doka a hannu ne. A Legas dokar 2011 ta fito fili, tara har naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. A nan Arewa kuma ana iya shigo maka ta kundin laifuka na Penal Code, shiga wuri da niyyar laifi, ɓarna, tsoratarwa, sannan ya sake maka ƙarar neman diyya daban.

Na ga wannan da idona a layinmu. Wani dattijo, mutumin kirki, yana bin ɗan hayarsa kuɗin shekara guda, sai ya sa kafinta ya cire falle uku na kwano ana tsakiyar Agusta. Da daddare ruwa ya sauko. Da safe matar gidan ta fito da katifa tana ɗiga, ga buhun shinkafa ya jiƙe, ga talabijin, ga jaririya tana tari, maƙwabta duk sun fito suna kallo, kuma a take unguwar da take tausayin dattijon ta juya masa baya. Ƙarshenta bashin ya tafi a cikin sulhu, ya mayar da kwano da kuɗinsa, ya ƙara da na asibiti. Da ya bi hanyar tambaya ta 3, kotu zata ba shi gidansa, ta ba shi bashinsa, ta ƙara masa kuɗin duk watannin da mutumin ya zauna bayan wa'adi, kuma ma'aikatan kotu ne zasu zo su fitar da kayan ba shi ba.

5. To in kai shi wajen 'yan sanda, ko Hisbah, ko mai unguwa?

Bashin haya ba laifin da ake kulle mutum ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar kuɗi zalla, kuma in ka sa aka tsare shi a kan haka zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi, sunanka yana ciki a matsayin wanda ya kai ƙorafi. In ya yi maka barazana ko ya fasa maka kai, wannan daban, nan ne wurin ɗan sanda.

Mai unguwa, dagaci, limami, Hisbah, waɗannan wuraren sulhu ne kuma suna aiki sosai, sau da yawa sun fi kotu sauri don mutum yana jin nauyin idon da ya sani. Abu ɗaya kawai, duk abin da aka cimma a rubuta shi a wurin, zai biya kaza ranar kaza, zai tashi ranar kaza, kowa ya sa hannu. Kuma kana sulhun kana ba da notis ɗinka, ɗaya ba ya hana ɗaya.

6. Ya kulle ɗaki ya ɓace, waya ba ta shiga, kayansa na ciki. In fasa?

Wannan tarko ne babba. Kana fasawa kai kaɗai, ranar da ya dawo zai ce akwai sarƙar gwal ɗin matarsa da kuɗi a ƙarƙashin katifa, kai kuma ba ka da bakin musu. A liƙa notis a ƙofar a ɗauki hoto, a nemi wanda ya tsaya masa, a je kotu a nemi izini. In an zo buɗewa a yi shi gaban ma'aikacin kotu da mai unguwa, ana ɗaukar bidiyo, a rubuta komai har cokali. Kuma kar ka sayar da kayan ka ce ka fanshe bashinka, sai da umarnin kotu. Nan ne amfanin karɓar lambar ɗan uwansa da adireshin wajen aikinsa tun ranar shiga yake fitowa.

7. Wani ya ji rauni ko ya rasu a gidan, laifin wa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so masu gida su tsaya a kanta, don bashi ana yafewa, rai kuwa ba ya dawowa. A taƙaice duk abin da ya shafi jikin ginin, da wuraren da kowa ke amfani da su kuma suna hannunka, kamar soro, tsakar gida, matattakalar bene, rijiya, murfin sokawe, tankin sama da ƙarfen da ya ɗauke shi, katanga, wayoyin wuta na cikin bango, nauyinka ne. Abin da ɗan haya ya ɓata da hannunsa ko da sakacinsa, nasa ne. Abin da alƙali zai tambaya shi ne: ka sani ko ya kamata ka sani? An faɗa maka? Me ka yi bayan an faɗa maka? In amsar ita ce "na ce bari a shiga sabuwar shekara", to sakaci ya tabbata, iyalan mamaci zasu iya neman diyya, in abin ya yi muni hukuma ma zata iya tuhumarka da jawo mutuwa ta hanyar ganganci. Malaman fiƙihu ma sun yi maganar katangar da ta karkata, cewa in an gargaɗi mai ita gaban shaidu ya samu lokacin gyarawa ya ƙi, ta faɗo wa mutum, to ya lamunta, wato nauyin biya yana wuyansa.

Ni abin da ya canja min tunani a gidanmu ya faru. Wata baiwar Allah mai ɗakin ƙarshe ta kira ni ta ce Yaya, murfin sokawen nan fa ya tsage. Na ce to, zan turo birkila. Sati biyu ban turo ba. Ranar da na je na tarar yara huɗu suna 'yar gala-gala daidai kan murfin, na sa ƙafa a gefe na ji yana motsi, rodin ciki ya ci tsatsa ya zama kamar tsinken tsintsiya. Ban bar gidan ba sai da aka zagaye wurin da bulo aka kira mai aiki, kuma daren nan ban yi barcin kirki ba. Tun daga lokacin, kafin kowace damina ina zagaya gidajen da kaina, in duba rijiya tana da murfi mai kwaɗo, in duba gindin katanga inda ruwan kwata ke ci, in duba silin da indararo, kuma duk ƙorafin gyara ina sa a turo min a rubuce ko a WhatsApp, ni ma in amsa a rubuce da ranar da aka gyara. Sai janareta: ka rubuta a yarjejeniya ba'a kunna shi a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa, hayaƙinsa ya sha kwantar da iyali guda a dare ɗaya.

8. Ina so in ɗora bene a kan gidan don ɗakuna su ƙaru. Akwai matsala?

Akwai, in harsashin ba na bene ba ne ko babu izinin hukuma. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, a Abuja sashen kula da gine-gine, kuma izinin da aka ba ka na gidan ƙasa bai haɗa da hawa biyu ba. Birkila komai ƙwarewarsa ba injiniya ba ne. Mun ga abin da ya faru a titin Beirut a Kano a Agustan 2022 da bene ya rufta ana cikin aikinsa, mun ga na Ita Faji a Legas a Maris 2019, gidan haya da makarantar yara a sama, kusan mutum 20 suka rasu. A Legas dokar tsara birni ta ba gwamnati damar ƙwace filin da gini ya rushe a kai saboda sakaci, ka rasa gida ka rasa fili ka kuma fuskanci tuhuma.

Sannan kar a yi aikin zuba simintin saman bene mutane suna kwana a ƙasa. A jira wa'adinsu ya ƙare ko a sallame su da yardarsu.

9. Gobara ta tashi daga ɗakin ɗan haya, wa zai biya? Inshora dole ce?

Ya danganta da tushen wutar. In ya bar hita a jone ko tukunyar gas tana yoyo, sakacinsa ne. In wayar cikin bango ce ta tsufa, ko mai wayarin ya yi aiki da siririyar waya don a rage kuɗi, ta dawo kanka, har da kayan sauran 'yan haya da na maƙwabta. Amma a zahiri ko laifinsa ne, mutumin da kuɗin haya ke yi wa wuya ina zai samo na gina gida? Shi ya sa maganar inshora take da muhimmanci. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke amfani da su, kuma gidan haya da hostel suna cikin lissafin, mutane ne kawai basu sani ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da inshora.

10. In aka kama ɗan hayana da ƙwaya ko damfarar intanet, ni ma za'a taɓa ni?

Za'a iya, kuma kalmar da komai ke rataye a kanta ita ce sani. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai kula da wuri da ya bari ana ajiye ko sayar da ƙwaya a ciki. Dokar damfara ta 2006 da EFCC ke aiki da ita ta sa shekara 5 zuwa 15 ga wanda ya bari da saninsa ana damfara a wurin da yake kula da shi. Ko ba'a tuhume ka ba, ana iya rufe gidan ana bincike wata da watanni babu mai biyanka ko sisi, ga zuwa amsa tambayoyi. Gidajen da aka samu masu garkuwa da mutane suna ɓoye mutane a ciki kuwa, a jihohi da dama rushe su ake yi.

Kariyarka ita ce fayil ɗinka. Kwafin katin shaida mai lambar NIN, hoto, wajen aiki ko shago wanda ka je ka gani da idonka, mai tsaya masa da aka sani, da kai shi gaban mai unguwa kafin ya tare. Mutumin da ya zo da kuɗin shekara biyu a leda, ba ya ciniki, ba ya son tambaya, yana so ya tare yau, wannan kam a dakata. In kuma daga baya ka ga abin da hankalinka bai kwanta da shi ba, ka sanar da hukuma a rubuce ka ajiye kwafi, sannan ka bi tambaya ta 3, kar ka je ka yi fito-na-fito da shi.

11. Dillali ya karɓi kuɗin haya ya cinye, ko ya ba mutum biyu ɗaki ɗaya. Ina ruwana?

In kai ka naɗa shi, ko ka bari mutane suka saba biya ta hannunsa baka taɓa hanawa ba, to hannunsa hannunka ne, ɗan hayar da ya biya shi ya biya, sai dai kai ka bi dillalinka. Maganin mai sauƙi ne: a rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin haya asusun banki kaza kaɗai ake turawa, dillali la'adarsa kawai zai karɓa. In ka sallami mai kula da gida ka sanar da kowane ɗan haya a rubuce a ranar.

12. Ya tashi ya bar min bashin wuta.

A aikace bashin yana maƙale a lambar mitar gidan, sabon da ya shigo yana sayen kati ana zaftare masa, rigima ta dawo kanka. Mita mai kati ga kowane sashe ita ce hutu. Ranar shiga da ranar fita a ɗauki hoton mita da bil na ƙarshe, a riƙe kuɗin ajiya na ɓarna har sai an tantance, in babu ɓarna kuma a mayar masa da abinsa cif, don amana ce ba ƙarin haya ba. Ka riƙa leƙa mitar ma, in wani ya yi satar wuta ta bayanta laifi ne a dokar lantarki ta 2023, kuma sunan da ke kan asusun shi KEDCO ko AEDC zasu fara nema.

13. Zan iya ƙara kuɗin haya yadda na ga dama, ko in ce sai kuɗin shekara biyu?

A tsakiyar wa'adin da ya riga ya biya, a'a. In ya zo sabuntawa zaka iya, amma ƙari tayi ne, sai ya karɓa ya zama yarjejeniya, in ya ƙi baka da ikon ƙirga masa sabon farashi a matsayin bashi kai tsaye, sai dai ka ba shi notis. A Legas ɗan haya zai iya kai ƙara cewa ƙarin ya wuce hankali, kuma karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya laifi ne mai tarar naira 100,000 ko wata 3, in ban da unguwannin da dokar ta ware, Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA.

Ra'ayina kuma, siminti ya yi tsada gaskiya ne, amma ka sanar da mutum wata uku ko fiye kafin lokaci. Ɗan hayan da ke biya a kan kari, yana share kwata, yana kiranka in ya ga tsaga, ya fi ƙarin dubu hamsin da zaka samu a wajen baƙon da baka san halinsa ba.

14. Zan sayi gida don in zuba 'yan haya. Me zan duba kafin in biya?

Takarda kafin fenti. A dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake da shi haƙƙin zama ne, kuma sayar da fili mai C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama ta gwamnati, yana buƙatar amincewar gwamna, a Abuja ta minista. Ka sa lauya ya yi bincike a ofishin rajistar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko ana bin kuɗin ƙasa, ko wurin na zama ne kai kuma kana shirin yanka shaguna. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani amma ba ta maye gurbin wannan. Ka duba ko ginin ya hau hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko filin makaranta, maƙabarta ko masallaci da aka yanka. Rusau ɗin Kano na Yunin 2023, su Daula Otal da shagunan Filin Idi, ya nuna cewa wurin da asalinsa na jama'a ne ko da takardar gwamnati a hannu yana iya zama rigima in mulki ya canja, kuma ko kotu ta ce a biya diyya, kafin nan haya ta tsaya.

In da mutane a ciki, ka saye shi ne da su. Wanda ya biya shekara sai ya cinye shekararsa, ciniki ba ya kore shi. Ka karɓi jerin sunayensu da rasit ɗinsu da ranar ƙarewar kowa, a cire abin da tsohon mai gida ya riga ya karɓa daga kuɗin ciniki, a rubuta musu takarda cewa gida ya canja hannu.

15. Gidan gado ne ba'a raba ba, wa ke da ikon ba da haya ko korar mutum?

Wannan ni a cikinsa nake. Kafin a raba, kowane magaji yana da rabonsa a kowace naira da ta shigo, har da matan da suke gidan aure da marayun da basu balaga ba, kuma babban wa ba shi da ikon ci shi kaɗai don shi ne babba. Magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce, ko kotun shari'ar Musulunci ta naɗa, shi zai sa hannu a yarjejeniya da notis. In ba haka ba zaka ba da notis ƙaninka ya bi ta baya ya karɓi kuɗin shekara, shari'a ta rushe. A mazhabarmu ta Malikiyya mutuwar mai gida ba ta warware haya, ɗan haya zai ƙarasa wa'adinsa. Ni littafi nake da shi, shiga da fita, kuma duk ƙarshen shekara ina tura hoton shafukan a zauren gidanmu na WhatsApp kafin kowa ya tambaya. Mai sayen gidan gado kuma ya koma tambaya ta 14, ya ƙara da ganin takardar rabon gado da sa hannun dukkan magada.

16. Akwai haraji a kan kuɗin haya?

Akwai. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, hukumar harajin jiharka tana da haƙƙi a kai, ga kuɗin ƙasa na shekara-shekara ga mai C of O, ga na ƙaramar hukuma a kan gini. In kamfani ko ma'aikata ce ta kama gidanka zata cire kashi 10 cikin 100 ta tura wa hukuma, ka karɓi shaidar cirewar don a rage maka a lissafinka. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar da yake biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, don haka 'yan hayar da ke aikin albashi zasu riƙa neman rasit da yarjejeniya mai sunanka su kai ofis. Ka tabbata adadin da ke kan rasit shi ne ainihin abin da ya shiga asusunka, kuma ka ajiye rasit ɗin siminti, fenti, yashe sokawe da ladan masu aiki a fayil ɗin kowane gida daban.